Filin Tambaya da Amsa: A Hannun Wa Zan Koyi Aikin Akanta?

Yawancin wasiƙun wannan wata sun zo ne daga matasa da iyayensu, kuma kusan magana ɗaya suke yi: an gama karatu, an samu wurin aiki fiye da ɗaya, to wanne za a kama domin koyon aikin akanta? Na zaɓi guda huɗu na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na wuraren aikin da suka ambata.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. Na yi babbar difloma a fannin akanta, na kammala bautar ƙasa, na kuma yi rajista da ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, saura jarrabawar matakai biyu a gabana. Yanzu wurare uku na samu. Na farko ƙaramin ofishin odita ne a nan Kano, akantoci biyu ne suka mallake shi, albashinsa ba zai wuce kuɗin mota da na abinci ba. Na biyu masana'antar roba ce a Sharaɗa, za a sa ni a sashen kuɗi, albashinta ya ninka na farko har da ɗoriya. Na uku ɗaya ne daga manyan kamfanonin akanta na duniya, sun kira ni ganawa a Abuja, amma ba su ce sun ɗauke ni ba tukuna. Mahaifina ya ce in kama na Sharaɗa, abokaina sun ce in jira na Abuja. Wanne zan ɗauka?

Daga wani matashi a Fagge, Kano.

Amsa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka yi mini bayanin albashi, ka yi mini bayanin girman suna, amma ba ka gaya mini wanda zai riƙa duba aikinka a kowane ɗaya daga wuraren nan uku ba, alhali shi ne abin da ya kamata ka fara bincike a kai. A hannun mutum ake koyon aikin akanta: wanda za ka kai wa takardar da ka haɗa, ya bi ta da jan biro, ya tambaye ka inda ka samo wannan adadi da dalilin da ya sa bai dace da na banki ba, sannan ya mayar maka da ita ka sake. Duk wurin da babu irin wannan mutum, ko da ka shekara biyar a cikinsa, abin da ka iya a watanni uku na farko shi za ka yi ta maimaitawa.

Su kansu ƙungiyoyin akantoci a kan haka suka gina dokokinsu, domin cin jarrabawa kaɗai bai ishe su ba. ACCA, ƙungiyar akantoci ta Birtaniya mai mambobi a duniya, tana buƙatar wata 36 na aikin hannu, kuma dole ƙwararren akanta da ya san aikinka ya sa hannu cewa ka cika manufofi 9 da ta tsara. ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 ta kuma samu amincewar doka a 1993, tana tura wanda ya gama kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos ya yi shekara biyu yana aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin ya zama cikakken mamba. ICAN ɗin da ka yi wa rajista, wadda dokar 1965 ta kafa, ba ta ba mambanta lasisin buɗe ofishin odita na kansa sai ya nuna ya yi wa'adin horo a ofishin da ke da lasisin binciken asusu. Saboda haka ka fara tambayar kanka inda kake so ka ga kanka nan da shekara goma. Idan burinka ka riƙe hatiminka, ka sa hannu a rahoton kamfanoni, shekarun da za ka yi a masana'anta ba za su maye maka gurbin wannan horo ba. Idan kuwa burinka ka zama shugaban sashen kuɗi na babban kamfani, hanyar Sharaɗa ma tana kaiwa can.

Bari in fara da ƙaramin ofishin, tunda shi ne aka fi rainawa. Abokan cinikin irin wannan ofishi a Kano su ne 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da makarantu da asibitocin kuɗi, da 'yan kwangila, da ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi daga waje. Da yawansu ba sa zuwa da littattafan da aka tsara. Za a ajiye maka kwali cike da rasidai da bayanin asusun banki, a ce ka fitar da riba da asara. Wahala ce, amma wanda ya yi wannan aiki ya san yadda ake gina lissafi tun daga tushe, daga rasidi zuwa leja har zuwa rahoton ƙarshen shekara, kuma ba kowa ke samun wannan dama a babban kamfani ba. Nan ne kuma za ka saba da kalandar haraji: harajin albashin ma'aikata kafin 10 ga wata, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari kafin 21 ga wata, bayanan harajin kamfani kuma cikin wata shida bayan rufe shekararsa. Da yake yawancin kamfanoni ranar 31 ga Disamba suke rufe littafi, daga Janairu zuwa Yuni ba za ka samu sukuni ba. Ƙari a kan haka, an sa hannu a sababbin dokokin haraji a 2025, har hukumar tara haraji ta tarayya FIRS ta koma Nigeria Revenue Service, don haka wanda ke zaune kusa da ubangidan da ke bin waɗannan canje-canje zai riga tsararsa fahimtarsu.

Sai dai ƙananan ofisoshi ba ɗaya suke ba. Akwai wanda mai shi yake zaune a kan kujerarsa kullum yana duba fayil, akwai kuma wanda mai shi kullum yana hanya yana neman kwangila, sai yara su koyar da yara. Mafi muni shi ne ofishin da ke sayar da hatimi: a kawo masa adadin da ake so ya bayyana, ya rubuta rahoto ba tare da ya taka ƙafa ya ga sito ko ya ƙirga kaya ba, domin kawai a samu takardar shaidar biyan haraji ko rancen banki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya fara sana'arsa a irin wannan wuri aringizo zai koya, kuma ranar da asiri ya tonu rubutun hannunsa ne za a gani a fayil. Ka lura kuma cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin binciken odita, saboda haka ofishi yana iya amsa sunan na odita alhali kusan duk aikinsa cike takardun haraji ne. Ka tambaye su kai tsaye kamfanoni nawa suka yi wa cikakken bincike bara, da irin kamfanonin, ka kuma tabbatar masu ofishin suna da lasisi mai rai da lambar rajista ta Hukumar FRC mai sa ido kan rahoton kuɗin kamfanoni, wadda dokar 2011 ta kafa, domin ba a sa hannu a rahoton kuɗin kamfani ba tare da ita ba.

Masana'antar Sharaɗa tana da abin da ofishin odita ba zai koya maka da zurfi ba. Can ne za ka san yadda ake lissafa nawa kowane bokiti ya ci tun daga ɗanyen kaya da wuta da dizal da ladan leburori, yadda canjin dala ke shiga farashin abin da aka shigo da shi, yadda ake ƙidayar kayan sito, da yadda ake rufe littafi a ƙarshen kowane wata. Haɗarinta shi ne a ɗaure ka a tebur ɗaya, kana rubuta baucan biyan kuɗi daga safe zuwa yamma har shekara uku, ba ka taɓa ganin yadda ake haɗa rahoton shekara ba. Abin da za ka bincika shi ne ko shugaban sashen kuɗin mamba ne na ICAN ko ANAN ko ACCA, ko kuwa ɗan'uwan mai kamfani ne da aka ba amanar makullin akwati. Ko suna zagayawa da sabon ma'aikaci daga wannan tebur zuwa wancan. Ko oditocin waje suna zuwa kowace shekara. Da kuma manhajar da suke aiki da ita. Wanda ya iya Sage ko SAP ko Tally, ya kuma ƙware a Excel, ya fita da abin da zai nuna a ko'ina.

Sai maganar Abuja. Manyan kamfanonin akanta na duniya guda huɗu, Deloitte da PwC da KPMG da EY, tsarin horonsu a rubuce yake, kuma abokan cinikinsu bankuna ne da kamfanonin sadarwa da na mai, inda ake aiki da ƙa'idojin IFRS, wato na rahoton kuɗi na duniya, da Najeriya ta fara bi a 2012. Sunansu yana buɗe ƙofa, wannan ba abin musu ba ne. Amma ka sani sabon shiga yakan fara ne da ɗan yanki na babban aiki, kuma daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ke gaggawar miƙa rahotonsu cikin kwana 90, kwanan ofis ba baƙon abu ba ne. Ka kuma cire kuɗin haya da na mota a Abuja daga albashin kafin ka kwatanta shi da na Kano, inda kake kwana a gidanku. Ka je ganawar, ka shirya mata sosai, amma kiran ganawa ba takardar ɗaukar aiki ba ne, kada ka saki reshe ka kama ganye. Abokanka da ke cewa ƙaramin ofishi ƙasƙanci ne su tuna cewa Deloitte ta Najeriya ta samo asali ne daga ofishin da marigayi Akintola Williams, shugaban ICAN na farko, ya buɗe a Legas a 1952.

Sai maganar jarrabawa, wadda ita ce ke kayar da yawancin masu koyo. Ka tambayi kowane wuri ko yana ba da hutun karatu kafin jarrabawa da yawan kwanakinsa, ko yana biyan kuɗin rajista da na darasi, da ko ana aiki ranar Asabar, domin a ƙarshen mako ne yawancin cibiyoyin koyarwa ke darasi. Amsar baki ba ta isa ba, ka nemi a sa ta a takarda. Hanya mafi inganci ta gane gaskiya kuwa ita ce ka nemi mutum biyu ko uku da suka yi aiki a wurin suka bari, ka tambaye su abin da suka iya lokacin da suka fita, da mutum nawa suka gama jarrabawa suna aiki a can. Wanda ke ciki yana tsoron bakinsa, wanda ya fita ba ya tsoro.

Tunda ka nemi ra'ayina, ga shi. Idan ka tabbatar masu ƙaramin ofishin nan suna zaune suna duba aiki, suna kuma binciken gaske, kuma gidanku zai iya jure ƙarancin albashin na shekara biyu ko uku, shi zan zaɓa maka, sai dai in Abuja ta ba ka takarda a hannu. Idan kuwa kai ne ake jira a cefanen gida, ka kama na Sharaɗa ba tare da jin ka yi asara ba, matuƙar akwai ƙwararren akanta a samanka. Mahaifinka ba laifi ya yi ba da ya dubi albashi. Ka zauna da shi cikin ladabi, ka yi masa bayanin batun lasisi da sa hannun mai horarwa, domin wataƙila bai san da su ba.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Wani ofishin akantoci a Kaduna ya amince ya ɗauke ni horo, zai biya mini kuɗin darasi da na jarrabawa, amma da sharaɗin in sa hannu cewa zan yi musu aiki shekara uku bayan na gama, in ba haka ba in biya su. Sun kuma ce in kawo mai tsaya mini, in ajiye musu takardar digirina ta asali. An sa ranar aurena, kuma wanda zan aura a Abuja yake aiki. In sa hannu?

Daga wata baiwar Allah a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa

Allah ya sanya alheri, ƙanwata, ya kai mu lokacin. Shi sharaɗin kansa ba zalunci ba ne. Wanda ya kashe kuɗinsa ya horar da ma'aikaci yana da haƙƙin ya ci moriyarsa na wani lokaci, kuma irin wannan yarjejeniya sananniya ce a bankuna da ofisoshin akantoci. Abin dubawa shi ne yadda aka rubuta ta. Ki tabbatar an faɗi abin da za ki biya idan kika tafi, kuma ya zama abin da suka kashe ne a zahiri, da rasidansa, ba wani dunƙulallen adadi da aka ɗora domin tsoratarwa ba. Ki nemi bashin ya riƙa raguwa gwargwadon watannin da kika yi, ta yadda wadda ta cika shekara biyu daga cikin uku ba za ta biya daidai da wadda ta tafi a watan farko ba. Ki duba ranar da wa'adin zai fara ƙirguwa, domin idan sai kin gama jarrabawa duka, kuma jarrabawar ta ɗauke ki shekara uku, to alƙawarin shekara shida kika ɗauka ba ki sani ba. A kuma rubuta abin da zai faru idan su ne suka sallame ki, ko idan kika faɗi wata takarda, da matsayin hutun haihuwa a cikin lissafin.

Takardar digirinki ta asali kuwa kada ki ba kowa ajiya. Su gani da idonsu, su ɗauki kwafi, ki koma da ita gida. Mai tsaya miki shi ma ya karanta takardar da kansa kafin ya sa hannu, domin in ta ɓaci shi za a bi, kuma zumunci da yawa ya lalace ta wannan hanya. Kuɗin da za ki ba lauya ya karanta miki shafi biyu ko uku bai kai wahalar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa daga baya ba.

Maganar aure kada ki ɓoye musu, kada kuma ki ɓoye wa wanda za ki aura yanayin aikin. Aikin odita yana da tafiye-tafiye, wani lokaci a kwana a wani gari ana ƙidayar kaya, kuma gara ya ji wannan daga bakinki tun yanzu. Idan tabbas Abuja za ki tare, ki tambayi ofishin ko suna da reshe ko abokan ciniki a can, a sa batun canjin wuri cikin yarjejeniyar. Idan ba su da shi, shawarata ki biya wa kanki jarrabawa a hankali, ki karɓi aikin ba tare da ɗaurin ba, ko ki nemi wuri a Abuja tun farko. Ko wanne kika zaɓa, ki riƙa rubuta ayyukan da kika yi, mai kula da ke yana sa hannu duk bayan 'yan watanni, kada ki bari sai ranar tafiya, lokacin da wataƙila zukata sun ɓaci. Ki kuma tambaye su batun fansho: dokar 2014 ta ce wanda ya ɗauki mutum aiki ya sa kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, kuma ofishin da ke cire naki kason bai tura shi asusunki ba ya riga ya nuna miki irin akantancin da yake yi.

Tambaya ta uku

Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar hatsi da taki. Ɗana ya gama sakandare, yana da kai a lissafi, ina so ya zama akanta ya riƙe mini littattafai. Na ga babu dalilin da zai je ya yi wa wani bauta alhali ga shagon ubansa. In kuwa dole sai ya fita, ina da wanda zai sama masa gurbi a ma'aikatar gwamnati. Banki dai ba na so, saboda kuɗin ruwa.

Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Niyyarka mai kyau ce, amma ina roƙon ka bar shi ya fara koyo a hannun wani. A shagonka babu wanda zai gyara masa kuskure, domin shi ne zai zama mafi sanin boko a wurin, kuma yaran shago ba za su iya ce wa ɗan maigida ya sake ba. Akwai kuma wani abu da akanta ke buƙata wanda yake da wuya ɗa ya koya a gaban mahaifinsa, wato ya ce wa mai dukiya wannan kuɗi na kasuwa ne, ba na cefane ba, sai an rubuta kafin a ɗauka. Idan ya yi shekara uku ko huɗu yana ganin littattafan wasu 'yan kasuwa, zai dawo maka da ido, ya san inda kaya ke zurarewa tsakanin sito da mota, da yadda ake bin bashin da aka ba manoma.

Da yake sakandare ya gama, ba sai ya jira digiri ba kafin ya fara. Akwai tsarin ATSWA na ƙananan akantoci na Afirka ta Yamma, wanda ICAN ke gudanarwa a Najeriya, mai matakai uku, ana jarrabawarsa a Maris da Satumba. Zai iya haɗa shi da aiki a ofishin akantoci a Funtuwa ko Zariya ko Katsina, kuma wanda ya gama shi yana samun rangwamen wasu takardu idan ya shiga babbar jarrabawar ICAN. Duk da haka ina ba da shawarar kada a yar da maganar jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, domin wurare da yawa har yanzu suna tambayar digiri ko babbar difloma da takardar bautar ƙasa.

Aikin gwamnati ya danganta da teburin da aka zaunar da shi. Ofishin Akanta Janar ko na Odita Janar makaranta ce ta gaske: can ake haɗa lissafin jiha, ana bin ƙa'idojin IPSAS na lissafin gwamnati, ana kuma aiki da tsarin asusun bai-ɗaya irin wanda gwamnatin tarayya ta tilasta a 2015. Amma idan gurbin da za a sama masa na wani sashe ne da ba a motsi sai ƙarshen wata lokacin albashi, yaro mai kai zai zauna ya yi tsatsa. Lissafin gwamnati kuma na kasafi ne da kashewa, ba na ciniki da riba ba, saboda haka bai dace da abin da kake so ya dawo ya yi maka ba.

Batun kuɗin ruwa, hukuncinsa na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da zan ƙara shi ne akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, kuma suna buƙatar akantocin da suka san hanyoyin harkar kuɗi na Musulunci irin su murabaha da ijara da sukuk. Ka sani kuma ko a ofishin odita zai ci karo da littattafan kamfanonin da suka ci bashin banki, don haka ka haɗa da wannan a tambayar da za ka yi wa malamin.

Tambaya ta huɗu

Malam, mu mazauna Ingila ne. 'Yata mai shekara 18 ta gama makaranta, ta ce ba za ta shiga jami'a ba, za ta bi tsarin koyon aiki na akanta. Ta samu gurbi a wani ƙaramin ofishi kusa da gida, da kuma wani babban kamfani a Landan. Ni dai hankalina bai kwanta da barin jami'a ba.

Daga wata uwa a Birmingham.

Amsa

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin a Ingila wannan hanya ce da doka ta tsara. Mai koyo ma'aikaciya ce da ake biya albashi, ba ita ke biyan kuɗin horon ba, kuma dole a keɓe mata lokacin karatu a cikin sa'o'in aikinta. Tun 2017 manyan kamfanonin da jimillar albashinsu ta haura fam miliyan 3 a shekara suke biyan harajin kashi 0.5 cikin ɗari domin wannan tsari. Yarinya tana iya farawa da takardar ƙananan akantoci ta AAT, ta zarce zuwa ta ƙwararru, wato ACA ko ACCA ko CIMA, ta zama cikakkiyar akanta ba tare da bashin jami'a a wuyanta ba.

Abin da za ku tambaya shi ne inda hanyar kowane wuri ta ƙare. Wasu ƙananan ofisoshi suna kai mai koyo ƙarshen AAT ne kawai su tsaya, saboda haka a rubuta mata cewa za su ci gaba da ita zuwa mataki na gaba. Idan ACA take so, dole ofishin ya kasance cikin waɗanda ICAEW, ƙungiyar da ke ba da ACA, ta amince su horar, domin sai ta yi aƙalla shekara uku da kwana 450 na aikin hannu a ƙarƙashin yarjejeniyar horo. Shekarunta ma suna da muhimmanci, tunda daga Janairun 2026 gwamnati ta taƙaita tallafin mataki na 7 na tsarin koyon aiki, wanda shi ne mafi girma, ga waɗanda ba su kai shekara 22 ba lokacin farawa; kada a bari ta daɗe a ƙananan matakai har ta wuce wannan iyaka. A babban kamfanin kuma ku nemi ganin ƙa'idarsu ta jarrabawa a rubuce, domin wasu suna sallamar mai koyo idan ya faɗi takarda ɗaya fiye da sau ɗaya, ku kuma lissafa hayar ɗaki da kuɗin jirgin ƙasa a Landan ku ga abin da zai rage mata. Idan kuna tunanin wata rana za ta dawo Najeriya ta yi aiki, ACCA da ACA duka sanannu ne a nan, amma sa hannu a rahoton odita sai ta shiga ICAN ko ANAN ta nemi lasisinsu, don haka ta adana duk takardun horonta da sa hannun masu kula da ita.